Alwalar da ta bar ni a lakol

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar kawuna, Mushe Laminu (Mushe shi ne Malam a bakin ƴan boko), ƙanen mahaifiyata kuma malaminmu a lakol, wato makarantar boko, a Damagaram. Allah Ya jiƙansa. Har gobe in na ga wayar tagulla a yashe a ƙasa sai na sunkuya na ɗauka, jikokina suna ta yi mini dariya.

Ana saura ƴan shekaru a samu ƴancin kai Kawu ya ɗauko ni daga Zermu ya sa ni a ajinsa. Babana bai so ba ko kaɗan, gonar gyaɗa na jiran hannu. A shekarar ne Kawu ya ce za mu haɗa rediyo da kanmu, wanda ba ya cin batir. Ya sa kowa ya fara zana nasa a allo. Muka naɗe waya a jikin kwalba, muka samo reza da bakin fensir, shi kuma ya kawo abin sawa a kunne guda ɗaya tak. Waya ɗaya ta hau bishiyar darbejiya, ɗayar muka ɗaura wa ƙarfe muka kafa a gindin katanga, yadda littafinsa na Faransanci ya ce.

Shiru. Mako uku muna kwancewa muna sake naɗi, ko tari abin bai yi ba. Labari ya kai Zermu cewa Laminu ya tara ƴaƴan mutane suna sauraron kwalba.

Ran wata Laraba da azahar sai ga Baba a kan jaki. Ya ce, “Laminu, na zo in tafi da yarona. In wasan kwalba ne, akwai ta a gida.” Kawu ya ce, “Yaya, ka ƙara mini mako guda.” Baba ya ce ko kwana guda. Wallahi na san in na hau jakin nan ni da lakol har abada.

Baba ya nemi buta zai yi salla kafin mu kama hanya. Ya tsuguna a inuwar katanga, daidai kan ƙarfen nan namu, ya yi alwalarsa a tsanake. Ni kuwa na sa abin a kunne, na ban kwana. Sai na ji ƙas-ƙas, sannan wata ƴar murya can nesa. Na kwarma ihu! Kawu ya dubi jiƙaƙƙen rairayin, ya dafe kai, ya ruga ya kinkimo tulun ajin ya juye duka a wurin. Ashe ƙarfen nan ƙasa mai laima yake so. Wanda ya rubuta littafin bai faɗa ba, don ƙasarsu ba ta san bushewa irin tamu ba.

Baba ya karɓa ya kara a kunne. Can ya ce, “Ikon Allah! Wannan ai Hausa yake yi.” Ya yi sallarsa, ya hau jakinsa shi kaɗai. Da wannan kwalbar muka ji labarin ƴancin kai, muna karɓa-karɓa da kunne, wani na tsaye da buta.

Na daɗe ina cewa gara da Kawu bai ga zamanin nan ba, kowa da salula a hannu, ta lalace a jefar. Bara jikata Hadiza, da ke lakol a Kara-Kara, ta zo da ƴar fitilar da malamarsu ta sa su haɗa da ƙaramin faifan hasken rana. Ta ƙi kamawa. Na zuba ido in ga ko za ta wurgar. Ina! Ta zauna ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ta gano wadda ta kwance. Ranar hankalina ya kwanta.

Kawu bai bar gida ba, bai bar gona ba, littafin ma gara ta cinye. Amma har Baba ya bar duniya, duk zuwansa Damagaram sai ya biya lakol, ya yi alwala a gindin katangar nan, ya juye sauran ruwan a kan ƙarfen, ya ce wa Kawu, “To, na shayar muku da shi. A ci gaba da karatu.”