Kwana Huɗu Zuwa Wurin Ishaya a Kan Keke

Talata: Kafanchan zuwa Kwoi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na kulle ƙofa, na tura keke zuwa bakin titi. Maƙwabciyata Maman Alheri ta riga ta tashi tana hura wutar ƙosai. Na miƙa mata makulli, na roƙe ta ta riƙa watsa wa kajina dawa. Ta dubi jakar da na ɗaure a bayan keke, ta dube ni.

"Ticha, ina kuma da wannan zafi?"

"Kagarko za ni."

"Da keke? Yesu! Mota ya ƙare ne a tasha?"

Na yi dariya kawai na hau.

Sunana Bitrus, tsohon malamin firamare. Matata Saratu ta rasu shekara huɗu ke nan, yara kuma suna Kaduna da Abuja. Wanda zan je gani Ishaya ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda muka shekara ashirin da wani abu muna hawan keke tare kowace Asabar. Shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Na je asibiti sau ɗaya, na ga yadda bakinsa ya karkace, na fita ban sake komawa ba. 'Yarsa Rahila ta ɗauke shi zuwa ƙauyen mijinta kusa da Kagarko. Makon jiya ta buga mini waya, ta ce jikin Baba yana ja baya, in da hali in zo.

A mafitar gari sojoji suka tsayar da ni a wurin bincike. Ɗaya ya haska jakata da tocila.

"Baba, me ka ɗauko?"

"Famfo, tub ɗin taya, riga biyu da Littafi Mai Tsarki."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"To, sauka lafiya. Ka sha ruwa da yawa."

Afrilu muke ciki, kuma in faɗi gaskiya ba lokacina ba ne. Ni mutumin kaka ne. A ba ni ƙarshen Oktoba: ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe amma ciyawa kore shar, duwatsun Kagoro sun fito tas kamar an wanke su, iska kuwa ba zafi ba sanyi. Ishaya ne mai son farkon damina. Ya ce hawan kaka na ragwaye ne, domin sama ta gama maganarta. Shi ya fi son ya fita bai san ko zai dawo a jiƙe ko a bushe ba. Wannan gardama mun yi ta a kan hanya, mun yi ta a gindin mangwaro, mun yi ta har a harabar majami'a bayan sujada, ba wanda ya taɓa sallamawa.

Kafin ƙarfe takwas rana ta fara dukan ƙeyata. A wani dogon hawa na lura ina tafiya can gefen kwalta, na bar fili a hagu, inda Ishaya kan jera da ni. Na gyara na koma tsakiyar layina. Bayan ɗan lokaci na sake samun kaina a gefe.

Na shiga Kwoi ƙarfe tara da minti goma. Agogon kekena ya nuna kilomita talatin da uku.

Kwoi zuwa Kubacha

Na zauna a rumfar wata mai abinci kusa da tasha, na sha faten acca mai zafi da yakuwa, na ɗora mangwaro biyu. Manoman citta uku suna gefe, hirarsu duk a kan sama take. Sun shuka, sun rufe gonaki da ciyawa, ruwa ya yi sau ɗaya ya tsaya cik kwana goma sha biyu.

"Yau zai zo," in ji babbansu. "Ƙafa na yana faɗa mini."

"Ƙafanka ya faɗa haka jiya ma," in ji ɗayan.

Na kwanta a benci har rana ta karya, na tashi ƙarfe uku daidai. Ƙafar dattijon ce ta yi gaskiya. Ban yi awa ɗaya ba gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta bayana tana tura ni kamar da hannu. Na ɗan ji daɗin wannan, sai ta juya ta gefe, ta nemi jefa ni cikin kwalbati. Na sauka na ja keke da gudu zuwa barandar wata makarantar firamare da ke bakin hanya. An tashi, ba kowa, sai akuya biyu da suka riga ni.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na zauna a ƙasa na jingina da bangon aji, ina jin kwanon rufi yana ƙara. Na tuna wata Asabar cikin marka, watan Agusta, lokacin da yayyafi kan kwana uku bai tsaya ba. Marka ita ce lokacin da ni da Ishaya muka yarda a kansa: ba mai sonta. Birki ba ya kamawa, laka tana cika sarƙa, riga ba ta bushewa. Duk da haka ranar muka fita ta hanyar Zonkwa, Ishaya ya zame ya faɗa cikin kwatamin gonar shinkafa, ya taso ba abin da ake gani sai haƙora. Na yi dariya ni kaɗai a barandar nan har akuyoyin suka ɗago kai. Da dariyar ta ƙare, sai wurin ya fi da shiru.

Ƙarfe biyar da rabi ruwa ya tsagaita. Kilomita shida kafin Kubacha tayar baya ta sace, ƙaya ce ta shige ta. Na canja tub cikin sanyi, ba mai riƙe mini keke. Na isa bayan faɗuwar rana, na nemi gidan faston wata ƙaramar majami'a, na gabatar da kaina. Bai tambaye ni takarda ba. Ya buɗe mini ɗakin baƙi, matarsa ta kawo ruwan zafi da tuwon masara da miyar karkashi. Muka yi addu'a, na kwanta da wuri. Jimlar tafiyar ranar kilomita hamsin da tara.

Laraba: Kubacha zuwa ƙauyen su Rahila

Na tashi ƙarfe shida. Abin da na tarar a waje ba zan ɓoye shi ba, ko da yake ya karya gardamata. Ƙasa tana ƙamshi. Fikafikan shinge, garar nan da ke tashi bayan ruwan farko, sun rufe bakin hanya kamar an zuba ƙaiƙayi. Tun kafin rana ta fito mutane sun cika gonaki, maza da mata, wasu suna waƙa da yarensu. Taya tana kama kwalta lif, iska mai laushi tana shiga riga. Na yi kusan awa ɗaya ban ji nauyin feda ba. Na buɗe baki zan ce, "To, ka ci wannan," sai na rufe.

Wajen ƙarfe tara gwiwata ta dama ta fara ciwo. Na ratse daga kwalta kafin a shiga Kagarko, na bi hanyar ƙasa kilomita huɗu, ina hawa ina sauka saboda taɓo. Ƙarfe goma da minti ashirin na tsaya a ƙofar gidan.

Rahila ta fito da gudu, ta durƙusa ta karɓi jakata.

"Baba Bitrus! Da keke ka zo? Ubangiji ya yi maka albarka. Shigo, yana ciki."

Ishaya yana kwance a gado kusa da taga. Mutumin da sharaɓarsa ta kai kaurin cinyata, yanzu ƙafafunsa kamar sanda. Na ce, "Ishaya, ni ne." Ya dube ni sosai, ya gane ni sarai. Sannan ya juya fuska wajen bango.

Na zauna a kujera. Rahila ta kawo kunu, ta fita. Na gaishe shi da jiki, shiru. Na ba shi labarin mutanen unguwa, shiru. Can ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna yatsu biyu, bai juyo ba.

"Shekara biyu," na ce. "Na sani."

Haka muka wuni. Da yamma Rahila ta same ni a tsakar gida ina wanke sarƙar keke. Ta ce in yi haƙuri, tun da ta gaya masa ina zuwa yake sa a buɗe masa taga da sassafe.

Alhamis: a ƙauye

Da safe na koma kujerar jiya. Na yanke shawara ba zan ƙara roƙonsa ba, zan zauna ne kawai. Wajen ƙarfe goma sai na ji murya, mai nauyi, kalmomin suna fita da ƙyar.

"Wane hanya?"

"Ta Kwoi."

"Faɗa."

Na soma tun daga ƙofar gidana. Na ba shi hawa da gangara, da faten acca, da manoman citta, da akuyoyi. Da na ce tayata ta sace bayan gada ta biyu, ya girgiza kai.

"Na uku."

Na ƙirga a zuciyata. Gaskiyarsa, ta uku ce. A nan ne ya juyo gaba ɗaya.

Na gaya masa safiyar Laraba, na ce ban taɓa hawa mai daɗinta ba, har da na kaka. Rabin bakinsa ya motsa. Ya ce in maimaita, Rahila ta zo ta zama shaida. Na maimaita.

Da la'asar hadari ya haɗu, ya ce a fitar da shi. Rahila ta ƙi, ta ce sanyi zai kama masa ƙirji. Na roƙe ta, na ce mu lulluɓe shi da bargo, ni zan zauna da shi. Ni da mijinta muka ɗauke shi a kujera zuwa baranda. Bai kai nauyin kekena da kaya ba.

Muka zauna muna jira. Iska ta taso, ganyen mangwaro ya juya bayansa, tsawa tana ta yi can wajen Jere. Ya fitar da hannu daga bargo ya shimfiɗa tafinsa. Muka jira fiye da awa ɗaya. Hadarin ya zagaye mu ya wuce kudu, ko ɗigo bai sauka ba.

"Ya tafi," na ce.

"Iska ma ya isa," in ji shi. Ya mai da hannu cikin bargo. Can ya ce, "Me ya sa, Bitrus?"

Na shirya amsoshi da yawa a kan hanya: ciwon baya, rashin tsaro, hidimar majami'a. Duk na bar su.

"Ɗakin da aka kwantar da kai, nan Saratu ta rasu. Na gan ka, na ji tsoro. Daga baya kuma kunya ta hana ni."

Ya daɗe yana kallon inda hadarin ya bi.

"Ni ma ina jin tsoro," ya ce. "Kullum."

Na matsar da kujerata kusa da tasa. Muna nan zaune har Rahila ta zo ta ce a mai da shi ciki.

Juma'a: komawa gida

Na wayi gari gwiwa ta kumbura. Na yi wa Ishaya sallama ƙarfe bakwai, muka yi addu'a a taƙaice. Na ce zan dawo da kaka. Ya ce in daina lissafin wata, in zo kawai.

Mijin Rahila ya raka ni bakin kwalta, ya tsayar mini da ƙaramar bas mai zuwa Kwoi. Tun da na fara hawan keke ban taɓa ɗora shi a mota ba. Direba ya cire tayar gaba, ya ɗaure sauran a but ɗin mota da igiya.

"Baba, keke ne ya gaji ko kai?"

"Ni ne."

"Ba komai. Ko inji yana hutawa."

Na zauna a matse tsakanin buhun irin citta da wata mata mai kaji. Hanyar da ta ci mini yammaci guda da safiya guda ta wuce ta taga cikin awa ɗaya da minti arba'in, ban ji ƙamshin komai ba sai na fetur. A Kwoi na ce a sauke ni. Na ɗaure gwiwa da tsumma, na sha ruwa, na huta, na hau ƙarfe biyu, ina taka feda a hankali, ina tsayawa duk inda na ga inuwa. Sama ta yi lumshi amma ba ta zubar ba. Ƙarfe biyar da rabi na shiga Kafanchan.

Maman Alheri ta miƙo makulli, ta ce kaji lafiya, ɗaya ma ta fara ƙwai. Na buɗe ɗaki, na jingina keke a bango, na zauna ban ko cire takalmi ba.

Ina gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa fasto da matarsa da suka buɗe wa baƙo ƙofa, da direban da bai yi mini dariya ba, da Rahila da mijinta, waɗanda suka ɗauki abin da ni na guje wa, ba su kuma taɓa goranta mini ba.

Ina nan zaune waya ta yi ƙara. Rahila ce, ta ce Baba ya hana a rufe taga sai ya ji na sauka. Ta kara masa wayar a kunne. Na ji numfashinsa kafin maganar ta fito.

"Kwoi zuwa gida. Awa nawa?"

"Uku da rabi."



"Ka tsufa, Bitrus."

"Na tsufa," na ce. "Sai na zo."