Malam Nasidi, Ka Tsaya a Harafin D

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 13 ga Mayu, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Nasidi na Kusfa, tsohon malamin Ingilishi, abokin aikina na shekara ashirin da shida.

Malam, ina kewarka, ina kuma jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Tun da ka yi ritaya kake haɗa wa 'yan makaranta ƙamus na Ingilishi da Hausa, kowace kalma da katinta. Shekara goma sha ɗaya ba ka fita daga harafin D ba, don ba ka rubuta ma'ana sai ka ji ta a bakin tsofaffi. Kowa ya san dwarf wada ne, amma sai da ka taka har unguwar Kwarbai ka tambayi wata tsohuwa bambancin wada da gajere. Kan dwell muka yi mako muna musu, wai ko zaman baƙunta ma zama ne. Da na ce dwindle raguwa ce kawai, ka ce, "Haba Malam Lado, ba ka ga yadda rijiya ke ja da baya da bazara ba?"

Yaran unguwa nawa ka koya wa karatu a zaurenka ba ka karɓi ko godiya ba? Amma da na roƙe ka a sa katunan a kwamfuta, ka kafe, ka ce sai ka kai Z.

Ranar sadakar uku 'yan'uwa suka share ɗakinka. Duk takarda mai rubutun Arabiyya an ɗauke ta da girmamawa an sa a akwati. Na boko, har da katunanka, aka zuba a buhuna aka ba Huseina mai ƙosai a Ƙofar Doka. Bayan mako biyu na sayi ƙosai a wurinta, na ga rubutun hannunka a takardar da ta naɗe mini shi, ya jiƙe sharkaf da mai. Cikin dubbai, kati arba'in na ceto.

Ba na ganin laifinsu, ba wanda ya gaya musu darajar katunan. Ni da na sani, ina zaune a ƙofar gidanka ina karɓar gaisuwa aka wuce da buhunan ta gabana, har na janye ƙafa na ba su hanya.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka makwancinka. Ya ba Hajiya Binta, matarka, da 'ya'yanka haƙuri. Ni kuma ya yafe mini.