Taki Ɗaya Bayan Turken Iyaka

A Lolo, idan ka ce Bunyaminu kawai, sai an tambaye ka wanne. Idan kuwa ka ce Bunyaminu Mai Sammaci, har akuyar bakin kasuwa ta san shi. Yanzu ya tsufa, wuni yake yi a gindin mangwaro kusa da masu gyaran taru, amma shekara ashirin da bakwai ya yi yana kai takardun kira na Babbar Kotun Tarayya, reshen Birnin Kebbi.

Ubansa manomin shinkafa ne, uwarsa 'yar Dandawa. Ya tashi da Hausa da Dandanci a baki, ya tsinci Fillanci wajen makiyayan da ke shayar da shanu a gulbi, ya ƙara da Turancin sakandare. Harsunan nan ne suka samo masa aiki, don ba shi da kowa a sama. Mutum ne siriri, mai tsantseni har ya yi yawa. Irin mutanen nan ne da ko goro ka ba su sai sun tambayi dalili.

Yana son a tambaye shi labarin kotunsa, ko ba a tambaya ba ma zai faɗa. Ba ta raba aure, ba ta raba gado, ba ruwanta da saniyar da ta ci gonar wani. Nata shi ne abin da ya taɓa gwamnatin tarayya: fasa-ƙwauri, ƙwaya, jabun kuɗi, shiga ƙasa ba takarda. Wato dai rabin abin da ke kai mutumin bakin iyaka ƙara. Kotun kuma guda ɗaya ce a duk ƙasar, rassa kawai ta yi a jihohi. Daga Abuja ake turo alƙali, ya zauna shi kaɗai a kan kujera, ya yi 'yan shekaru, a ɗauke shi a kawo wani. Bunyaminu ya ga alƙalai tara. Akwai wanda ba ya fara zama sai an kunna masa fanka biyu, akwai wanda ya zo ba ya jin ko "sannu", ya tafi yana cin kilishi kamar a Zagga aka haife shi.

Abin da ya fi burge shi shi ne tsawon hannun takardar da ke jakarsa. Daga Legas har Lolo ba inda ba ta da ƙarfi. Amma a bayan gari, inda gonakin shinkafa suka gangara bakin Kwara, akwai wani turken siminti da bai kai ƙugun mutum ba. Daga nan sai ƙasar Benin, wadda mutanen wurin ke ce wa Faranshi. Takardar da ke firgita attajiri a wannan gefe, idan ta wuce turken nan da taki ɗaya, ta zama ta ƙunshin ƙosai.

Don haka ya ƙirƙiro dabararsa. Idan wanda ake nema mutumin ƙetare ne, ba ya bin sa. Sai ya jira ranar kasuwar Lolo, ya zauna wajen masu kifi, mutum ya kawo kansa da ƙafarsa. Ya miƙa masa takarda, ya buɗe ɗan akwatin tawada, a dangwala yatsa. Kashegari ya koma Birni ya yi rantsuwa a rubuce: na ba wane, rana kaza, a wuri kaza. Wannan rantsuwa ita ce duk dukiyarsa. Bai gina gidan bulo ba, bai je Makka ba, amma yakan bugi ƙirji ya ce bai taɓa rantsewa a kan ƙarya ba, kuma gaskiya yake faɗa.

Uwarsa, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa son aikin ba. Abu biyu ta hana shi tun yana ƙarami: zuwa bakin gulbi da tsakar rana lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, da kiran sunan wanda ba ya nan har sau uku. Ta ce ba ka san wa zai amsa ba. Shi kuwa dariya yake yi, don a kotu, saboda ƙarfin muryarsa, shi ake sa wa ya fita ƙofa ya kira mai shaida sau uku.

Sai ga shari'ar Ma'azu.

Ma'azu matuƙin kwalekwale ne, ɗan unguwarsu. An tare shi a ruwa da buhunan albasa, aka farke biyu aka sami ƙwayoyi a ciki. Ya rantse ya maya cewa yana masallaci aka yi lodi, kuma Kanta ɗan dako, wanda ya ɗora kayan, ya san mai su. Kanta kuwa mutumin ƙetare ne. Tun ranar da abin ya faru ya kwashe iyalinsa ya koma wata tungar masunta can sama, don masu irin wannan kaya ba a yi musu shaida a kwana lafiya.

Ba wanda ya iya tsaya wa Ma'azu beli. Alƙali na farko ya saurari masu gabatar da ƙara, kafin a zo kan kariya aka yi masa canjin wurin aiki. Sabon alƙali ba ya hukunci da kunnen wani, sai aka koma farko. Na biyu ya kai rabi, aka ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara. Aka sake komawa farko. Ba wanda ya yi mugunta, kowa ƙa'ida ya bi, amma Ma'azu ya shekara huɗu a gidan kaso, haƙoransa biyu sun zube, 'yarsa da ya bari a goye har ta fara zuwa makarantar allo. Duk ranar da aka kawo shi, Bunyaminu sai ya kau da kai, don kunya da tausayi suke haɗe masa.

Ta uku a alƙalan mace ce, Mai Shari'a Zuhura, ba ta da yawan magana kuma ba ta son ɗage zama. Ta gama da masu ƙara cikin wata biyu, ta dubi lauyan Ma'azu ta ce ta ba shi sati shida ya kawo mai shaidarsa. Idan bai zo ba, za ta rufe ta yi hukunci da abin da ke gabanta. Abin da ke gabanta kuwa buhu biyu ne da mutum ɗaya a cikin jirgi.

Bunyaminu ya karɓi sammacin Kanta ya nufi gida. Damina ta yi nisa, Kwara ta cika ta batse, hanyoyin tungaye duk sun yanke. Kasuwa uku ya zauna wajen masu kifi, ba Kanta ba labarinsa. Ya san shi sarai, tare suka yi iyo suna yara, don haka ba zancen ya wuce bai gane shi ba.

A kasuwa ta huɗu, da rana ta take tsaka, zuciyarsa ta ƙi zama. Ya tashi ya bi kunyar gonaki har bakin turke, bai san abin da ya kai shi ba. Wurin ya yi tsit. Hayaniyar kasuwa da ake ji har can ta ɗauke, ko kwaɗo ba ya kuka. Sai ya ga mutum tsaye a bayan turken, ruwa iya idon sawu, ya juya masa baya.

"Kanta?"

Mutumin ya juyo a hankali. Shi ne, sai dai ya yi fari kamar wanda ya daɗe a ɗaki, rigarsa sharkaf.

"Ɗan gwamnati," in ji shi. "Na jiya kana biɗata."

"Sati huɗu ina bisa hanyarka. Taho ka amshi takarda, Ma'azu na can shina lalacewa."

"Na sani. Shi ak kawo ni nan." Ya dubi turken. "Amma ba ni iya ƙetarowa. Miƙo."

Bunyaminu ya miƙa hannu, bai kai ba. Saura kamu ɗaya. Ya tsaya yana kallon turken, yana kallon takardar, yana tuna haƙoran Ma'azu. Daga nan ya ɗaga ƙafa ya yi taki ɗaya. Ruwan da ya taka sanyi gare shi kamar na randa, alhali rana tana dukan ƙeyarsa. Kanta ya karɓi takardarsa. Kafin Bunyaminu ya buɗe akwatin tawada, ya riga ya danna babban yatsa a kan kwafin kotu, zanen ya fito raɗau, kalar laka.

"In anka kira, za a amsa," in ji Kanta.

Bunyaminu ya sunkuya ya sa takarda a jaka. Da ya ɗago, ba kowa sai karan shinkafa. Ya ce wa kansa mutumin gudu yake yi, dole ya iya ɓuya. Bai bi ta gida ba, ya wuce tasha.

Kashegari aka ajiye masa takardar rantsuwa. Suna, ya rubuta. Rana, ya rubuta goma sha biyu ga wata. Da ya zo kan wuri, alƙalamin ya tsaya. Idan ya rubuta gaskiya, sammacin ya tashi a banza. Ya rubuta Lolo, Najeriya, ya rantse, ya fito bakinsa na ɗaci. Kwana goma sha huɗu abinci bai yi masa daɗi ba.

Ranar zama, kotu ta cika da ƙarfe tara. Ma'azu na tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma, idonsa a kan ƙofa. Magatakarda ya ce a kira mai shaida. Bunyaminu ya fita baranda. Ba kowa sai wani ɗan sanda da ke gyangyaɗi a benci.

Ya kira sau ɗaya. Ya kira sau biyu. Maganar uwarsa ta faɗo masa, amma aiki aiki ne. Ya kira na uku.

"Na'am."

A bayan kunnensa aka faɗa, da muryar namiji, har ya ji danshin numfashin. Ya waiga, bango ne kawai. Da ya maido da kai, sai ga wata mace tana hawowa matakala, ta lulluɓe da tsohon zane, ba kwalli ba ɗankunne, riƙe da takarda a leda.

Ta ce sunanta Batulu, matar Kanta ce. Aka shigar da ita, ta durƙusa, aka ce ta tashi.

"Ranki shi daɗe, takaba nika yi, ba ta kamata in hito ba," in ji ta. "Ruwa sunka ci maigidana ran takwas ga wata, munka rufe shi ran tara. Bayan kwana ukku ni ishe wagga takarda cikin aljihun rigatai da ka rataye ga ƙusa, jiƙe. Ni na wanke rigar da hannuna, babu komi ciki. Anka karanta min, anka ce yau aka kira nai. Shi ba ya zuwa, shi as sa niz zo."

Ta ce a safiyar lodin ita ta kai wa Kanta fura bakin ruwa. Da idonta ta ga wani mai babur ya kawo buhu biyu ya musanya, Ma'azu na masallaci. Ta san mutumin, ta faɗi sunansa. Shekara huɗu mijinta yana hana ta magana, shekara huɗu kuma ba ya barci.

Lauyan Ma'azu ya nemi a rantsar da ita, aka yarda. Amma kafin nan Mai Shari'a Zuhura ta buɗe fayil, ta daɗe tana duban wata takarda, sannan ta ɗago.

"Malam Bunyaminu, ka rantse ka ba Kanta sammaci hannu da hannu ran goma sha biyu. Matarsa ta ce ran takwas ya rasu. Me za ka ce?"

Ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, akwai ƙarya a takardar nan, amma ba inda kike dubawa ba. Mutumin shi ne, ranar ita ce. Wurin ne ba daidai ba. Na wuce turke da taki ɗaya."

Ba wanda ya yi dariya. Alƙaliyar ta kai yatsa kan dangwalen Kanta, ta ji har yanzu da danshi, ta janye da sauri, ta goge a jikin rigarta. Ta ce a rubuta cewa sammacin bai inganta ba, tunda an ba da shi inda hurumin kotu bai kai ba. Ta ƙara da cewa matar ba sammaci ya kawo ta ba a idon doka, da ƙafarta ta zo, don haka za a saurare ta. A kan zancen kwanan wata ba ta sake cewa uffan ba.

Bayan wata ɗaya aka sallami Ma'azu. A satin ne Bunyaminu ya rubuta takardar ajiye aiki, saura shekara uku ya kai lokacinsa. An ba shi haƙuri, an ce taki ɗaya ne. Ya ce shi ya san nawa ne, shi ya yi shi.

Ma'azu ya koma ruwa. Duk ranar kasuwa yakan ajiye masa kifi a gindin mangwaro, kuma wannan kaɗai ce kyautar da Bunyaminu ke karɓa bai tambayi dalili ba. Jikokinsa sun san halinsa: idan ya kira ka sau biyu ba ka amsa ba, shiru zai yi, ko gobara ake.

Matasa kan zo su tsokane shi, su ce Baba, a ina hurumin kotunku ya tsaya? Yakan nuna bayan gari da haɓa ya ce a turke, haka doka ta ce, haka alƙaliya ta rubuta. Sai ya murza babban yatsansa.

"Amma ni dai na kira mutum daga inda yaf fi nan nisa," in ji shi, "kuma ya amsa."