Rodin Baba Kumai

Na dawo Kafanchan a ƙarshen 1987 da takardar injiniyan gini daga Sofiya, can Turai, da kuma wani ra'ayi da ban cika furtawa ba: cewa sa'a ce kawai ke riƙe wa maginan garinmu bango. Shekara shida ana koya mana cewa ba a aza tushe sai an ɗebi ƙasa an kai ɗakin gwaji. A nan kuwa sai a ja igiya da safe, kafin rana ta take rami ya kai gwiwa. Shi ya sa ranar da na fara ganin Baba Kumai yana zagaya fili da guntun rodi, yana caka shi a ƙasa taki bayan taki, na ɗauka camfi ne irin na tsofaffi. Na ma tambaye shi ko wani abu ya faɗi masa. Ya ce, "Injiniya, gaisuwa nake yi. Kai ba ka gaishe da mai gida kafin ka shiga?"

Birkila ne, gajere, mai faɗin kafaɗa. An haife shi a wani ƙauye gaba da Samaru Kataf, a shekarar da bai sani ba. A ƙauyensu cikin gida ake binne mamaci, kuma samarin unguwa ne ke haƙa. Da yake ya fi kowa iya riƙe diga, kusan kowane kabari sai da shi. A can ya san yadda ƙasa take kwance: baƙa a sama, ja a ƙarƙashinta, marmara a can ciki. A can kuma ya lura cewa inda aka taɓa haƙawa, ko an cike an daddanne, ba ya komawa yadda yake.

Ya zo Kafanchan yana saurayi, ya yi leburanci a Reluwe, yana ɗaukar kwaɓin gini a kwanon sarki, har wani birkila mutumin Gabas ya ga hankalinsa ya miƙa masa cokalin gini. Aikin farko da ya yi da sunansa ɗaki biyu ne na yayan matarsa Lucia. Damina ɗaya bangon ya tsage tun daga sama har ƙasa, domin kusurwa ɗaya ta zauna kan tsohuwar rijiya da aka cike. Shekaru surukansa suka yi suna kiransa mai ba da taga kyauta. Tun daga ranar ya yanki rodi daidai ƙirjinsa, ya lanƙwasa kansa don riƙewa, bai sake barin a ja igiya a fili ba sai ya bi shi da ƙafa. Dariyar mutane ba ta dame shi ba. Ya ce ta surukai ta riga ta gasa shi.

Mun yi aiki tare nan da can, ni da zane shi da bulo, ban canza ra'ayi ba sai a watan Maris na 1991.

Ejike, mai sayar da kayan gyaran babur a kasuwa, ya zo ya ce in zana masa gida ɗaki huɗu a filin mahaifinsa marigayi. Filin ya fi shekara ashirin ana noma masara a cikinsa. Yana so a rufe kwano kafin ruwa ya zauna, don ya fitar da mahaifiyarsa daga gidan haya. Na zana, na sa ramin sokawe, inda ruwan bayan gida ke taruwa, a baya ta hannun dama, inda ƙasa ta gangara. Baba Kumai ya tafi jana'iza ƙauye a makon, Ejike kuma yana sauri, sai na ce a buga turaku a ja igiya, in ya dawo ya tarar an fara.

Da safe lebura suka zo da diga, suka tarar Mama Augustina, mahaifiyar Ejike, ta kawo kujerarta ta kasuwa ta ajiye a bayan filin ta zauna. Mace ce mai sayar da manja da busasshen kifi, wadda ba a santa da yawan magana ba.

"Mama, mene ne kuma?" in ji Ejike. "Jiya kin sa albarka."

"Na sa albarka a gida. Ban sa a wannan rami ba." Ta juyo gare ni, da Hausarta ta kasuwa. "Injiniya, yarinya na yana nan."

A nan na ji labarin. A 1966, mako guda kafin su gudu Gabas, ƙyanda ta ɗauke 'yarta Ezinne, tana da shekara biyu. Gari ba lafiya, ba wanda zai iya kai gawa maƙabarta. Mijinta, mai zuba wa jirgin ƙasa kwal, ya haƙa rami a bayan gidansu na ƙasa, kusa da wata gwaiba, suka binne ta su biyu. Da suka dawo bayan yaƙi, ruwa ya rushe gidan, an sare gwaibar, an baje wurin an yi kunyoyin noma. Mijin ya sha cewa zai nemo wurin, har ya rasu bai nemo ba. Ita ta san a baya ne, amma ko dama ko hagu, ba ta iya rantsewa.

Ejike yana da shekara huɗu lokacin. Ya san an yi masa ƙanwa, bai san tana cikin filin ba. Ya tsuguna ya riƙe kai.

"Me ya sa ba ki faɗa ba tun farko?"

"Na yi tsammani za ku yi gida a gaba, ku bar baya. Jiya da yamma na zo na ga igiya. Na tambaya, suka ce nan ruwan bayan gida zai shiga."

Na buɗe zanena, na ce ai sai a mayar da ramin hagu. Ta dube ni ta ce, "In yana hagu fa?" Na rufe zanen. Ta ce ba za a sa diga a bayan filin nan ba sai an nuna mata inda 'yarta take, in ba haka ba ta gwammace ta mutu a haya. Lebura suka jingine kayansu. A duk abin da na karanta, babu shafin da ya yi maganar wannan.

Kwana uku aiki na tsaye. A rana ta uku aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, da la'asar. Washegari Baba Kumai ya dawo, ya tarar da igiyoyina.

"Wa ya ja wannan?"

"Ni ne, Baba."

"To, madalla. Ashe a Turai igiya ake fara gaisarwa."

Ya je ya durƙusa gaban Mama Augustina, ya yi mata gaisuwar rashi kamar jiya aka yi shi. Sannan ya shiga tambaya. Ƙofar tsohon gidan ina take kallo? Daga madafa ana hango gwaibar? Ramin ya kai ina a jikin mijin? Ta ce ƙugu. Da me ya rufe?

Ta ce, "Aladu. Lokacin aladu na maƙwabta suna yawo. Ya ji tsoro za su tona. Ya je loko, wurin aikinsu na jirgi, ya kawo tokar kwal bokiti biyu, ya zuba, ya sa ƙasa a kai."

"Ubangiji ya yi masa albarka," in ji Baba Kumai. "Mama Ejike, mijinki ya bar mana wasiƙa."

Ya sa aka kwance igiyoyina duka. Ya fara daga kusurwar baya, taki ɗaya, caka, taki ɗaya, caka. Ruwan jiya ya sassauta ƙasar. Kusan ko'ina rodin yakan shiga kamu ɗaya da rabi, iyakar inda garma ke kaiwa, sai ya tsaya cak. Ya miƙo mini ya ce in gwada. Na danna da duk nauyina, na ji marmara ta mayar mini da shi har kafaɗa.

"Ka ji? Nan ba wanda ya taɓa shiga."

Yini guda ya yi yana wannan. Ejike ya rufe shago ya zo ya tsaya. Mama Augustina ba ta tashi daga kujerarta ba, ko ruwa ba ta karɓa ba. Kafin yamma rodin ya nutse can ciki a wuri uku. Kowanne Baba Kumai ya bi gefensa yana cakawa a hankali har siffarsa ta fito, ya zagaye da toka.

Na farko faffaɗa ne ba tsari. Ya ce nan aka ɗebi ƙasar ginin tsohon gidan. Na biyu zagayayye ne, ya zare rodin ya shinshina, ya ce tsohuwar salga ce. Ya dube ni, ya dubi inda turken kusurwar ɗakin baya yake a da. A kanta yake daidai.

"Injiniya, kai ma ka kusa ba da taga kyauta."

Ban yi dariya ba sai daga baya.

Na uku ƙarami ne, tsawonsa bai kai taki biyu ba. Ba ya cikin ramin sokawe, amma bututun da na zana zai bi ta tsakiyarsa. Baba Kumai ya cire hularsa. Ya ajiye rodin, ya ɗauko guntun bututun ƙarfe, ya kafa shi a gefen wurin, ya riƙa bugawa da guduma a hankali har ya shiga kusan gwiwa. Ya murɗa ya zaro, ya ƙwanƙwasa shi a kan shebur. Baƙar ƙasar noma ta fito, sai ja gauraye da baƙa, sai wasu tsakuwoyi baƙaƙe masu huji-huji kamar kashin maƙera.

Ya ɗauki shebur ɗin ya kai gaban Mama Augustina. Ta ɗauki tsakuwa ɗaya ta murza a yatsu. Matar mai zuba kwal ce, ta yi shekaru tana kakkaɓe irinta daga aljihun kaki.

"Shi ne," ta ce. Ta taso ta zo ta zauna a ƙasa kusa da tokar, ta dafa wurin da tafin hannu, ta yi magana da yarensu ƙasa-ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Da ta gama ta ɗago ta ce wa ɗanta, "Ejike, ka tsaya kamar itace. Mutane sun yi aiki tun safe, ba ka saya musu ko ƙosai ba?"

"Mama, ke kika hana kowa motsi."

"Yanzu na sake ku."

A daren ranar na sake zanen. Gidan ya matsa gaba taki huɗu, sokawe ya koma can hagu. Baba Kumai ya kewaye ƙaramin wurin da bulo layi biyu, ya shafe da siminti, Ejike ya dasa sabuwar gwaiba. Fada ya zo daga coci ya yi addu'a ranar da aka zuba tushe. An rufe kwano a farkon Yuni, ruwa ya ɗan taɓa katakon amma bai yi ɓarna ba. Tagar ɗakin Mama Augustina tana kallon gwaibar, ita ta zaɓa.

Baba Kumai ya ci gaba da aiki har 1998, lokacin da gwiwa ta hana shi hawa gini. Ya koma zama a ƙofar gidansa, matasan birkiloli suna zuwa aron rodin, yana ba su da sharaɗin su dawo da shi a wanke. Ni ma na sa an yanka mini nawa, yana bayan mota tare da tef ɗin awo.

Abu ɗaya ya daɗe yana damuna, irin damuwar wanda aka koya wa tabbatarwa. Wata rana muna zaune a ƙofar gidansa, Mama Lucia tana ɓare gyaɗa a gefe, na tambaye shi.

"Baba, ranar nan, toka kawai muka gani. Saura kamu biyu ka kai ƙasan ramin. Me ya sa ba ka haƙa mun tabbatar ba?"

Ya ɗauki gyaɗa daga tiren matarsa, ta doke masa hannu.

"Uwar ta ce a nuna mata inda yarinya take kwance," ya ce. "Ba ta ce a tashe ta ba."