Wankan Jego da Ɗinkakkiyar Kafaɗa

Likitan ya ɗaga hoton kafaɗata ta dama a gaban fitila, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗauko na hagu ya jera su. Ya ce jijiyoyin da ke riƙe kan ƙashin hannu a cikin kafaɗa sun yage, dama da hagu, kuma duka biyun sai an ɗinke. Ya tambaye ni ko na taɓa faɗuwa daga babur. Na ce ban taɓa ba. Shekara talatin da ɗaya dai na yi ina rubutu a allo a firamare, rijiyar gidanmu a Ikara kuma gaba goma sha biyu ce, ga daka. Ya rubuta wani abu a takarda, amma ban ga alamar ya rubuta rijiya ba.

Ya ce ba a yin biyun lokaci ɗaya, don dole a bar wa mutum hannun da zai yi tsarki da shi. Za a yi ɗaya, a jira wata huɗu ko biyar, a yi ɗayar. Ya ce in zaɓa. Maigidana, da ke zaune a gefe da hula a gwiwa, ya ce a fara da hagu don in riƙa cin abinci kamar mutane. Na ce a fara da dama, kuma in da hali cikin makon nan. Suka dube ni su biyun. Ban ba su dalili ba, domin ba irin dalilin da ake faɗa wa maza a ofis ba ne.

'Yata ta fari, wadda ke aure a Kudan, tana da ciki wata uku. A ƙarƙashin mayafi na ƙirga da yatsu: saura wata shida.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ana yaye ta, ƙanwar maigidana ta saɓe ta zuwa Gubuci, ba ta dawo hannuna ba sai da ta isa shiga makaranta. Ta zauna a ajina shekara guda, na fi tsananta mata a kan kowa don kada a ce. Yaya take ce mini, yadda ta ji gwaggonninta suna faɗa. Ranar da za a kai ta ɗakin miji na shige madafa na yi ta kankare tukunyar da ba ta da datti. Ina son yarinyar nan, so mai ciwo, kuma shekara ashirin da huɗu ban sami ƙofar da zan nuna mata ba. Ƙofa ɗaya al'ada ta bar mini a buɗe. Haihuwar fari gidan iyaye ake zuwa, wankan jego kuwa aiki ne, ba wanda zai ce uwa ta yi rashin kunya don ta yi aiki. Kwana arba'in, safe da yamma, ni da ita a bayan ɗaki. Abin da nake jira ke nan tun ranar ɗaurin aurenta, kuma da hannun dama ake kaɗa ganye.

Aka yi aikin a Zariya. Na farka na tarar an ɗaure mini hannu a ƙirji, an cusa wani ɗan filo a hammata, aka ce haka zan zauna mako shida, kada in ɗaga, kada in miƙa, kada in ɗauki abin da ya fi kofin shayi. Kwanciya ta gagara, sai barci a zaune jingine da bango. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni nawa ɗayan da ya rage ko ɗankwali ba ya ɗaurawa, don hagun ma da ta wuce kunne sai in ji kamar an soka mini tsinke. Maigidana ya gwada ɗaura mini sau ɗaya. Na dubi madubi na ga ƙunshin daddawa, na ce ya je gonarsa ta barkono, Allah ya ba da lada.

Sai ga Gwaggo daga Gubuci da ƙunshin kayanta da mazarƙwaila curi uku. Ita ce ƙanwar maigidan nawa da ta riƙe yarinyar, kuma tun ina amarya muke wasa da ita, wasan da wani lokaci ba a sanin inda ya tsaya. Ta shigo ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe haka boko ke ƙare wa mutum, su da suka yi rayuwa suna tuƙa ruwan rake a kasko ga kafaɗunsu nan garau. Ita ta riƙa yi mini wanka, tana cuɗa ni kamar tana wanke tabarma. Ita ke sa mini riga, a fara zura hannun da aka ɗinke, sannan kai, sannan hagu. Na yi godiya sau da yawa, wasu daga ciki har zuci.

Da aka cire ratayar hannun sai aka haɗa ni da mai gashin ƙashi, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar ɗalibaina ba. Ta ce in sunkuya in riƙa lilo da hannun kamar guga a rijiya. Daga baya ta ce in tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsu a hankali. Wanzami ba ya son jarfa, ban ji daɗin a ce mini in sake, ban yi daidai ba. Amma na yi. Na sami guntun alli ina ja wa bangon ɗakina layi a inda yatsun suka tsaya kowace Juma'a. Akwai kuma wani layin da na ja tun ranar farko, wanda na auna da kujerar tsuguno da tsawon bayan mace in ta zauna a kai. Maigidana ya tambayi na mene ne, na ce ado ne.

Sannu ba ta hana zuwa, amma tawa sannun ta yi yawa. Wata huɗu, hannun ya kai layin in babu komai a cikinsa. In na riƙe jiƙaƙƙen tsumma sai ya tsaya rabi yana rawa. Hagun kuma, da aka bar mata aikin gida duka, ta ƙara lalacewa. Da muka koma Zariya likita ya ce lokaci ya yi da za a yi ta, kada yagewar ta ƙaru. Na ce sai bayan arba'in. Ya ce arba'in ɗin wa? Na ce na wata ne. Ya ce ni na sani, kafaɗata ce.

Cikin yana wata takwas aka kawo ta daga Kudan. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina duban ƙofa, na ce a kai kayanta ɗakin kudu. Gwaggo kuwa, da ta dawo tun kafin a kira ta, ta rungume ta tana shafa cikin tana yi wa abin da ke ciki zagin wasa. Na ji haushi, na tafi duba kaji.

Ta haihu lafiya a asibitin gari, namiji. Ma'aikaciyar da ta sallame mu ta ja mana kunne, ta ce ban da ruwan da ke saɓule fata, ɗumi ya isa, jiki da kansa yake warkewa. Gwaggo ta ce to, da irin muryar da ake ce wa yaro to.

Washegari da safe aka tafasa ruwa a rabin duro, aka yanko ganyen darbejiya. Gwaggo ta ɗauki damin ganyen, na miƙa hannu na ce ta ba ni. Ta dube ni, ta dubi kafaɗar, ta ba ni. Ita ta kai ruwan bayan ɗaki ta fita. Yarinyar ta zauna a kujera ta ba ni baya. Na tsoma ganyen, na ɗago, sai na ji nauyinsa ya ninka na tsumma. Na rage rabi. Na rage rabin rabin. Da abin da ya saura na yi wankan, ina yarfa mata ruwa a ƙugu da tsakiyar baya, kafin ya isa jikinta ya huce. In na so kaiwa wuya sai na ɗaga diddige. Da muka fito Gwaggo ta tambaye ta yadda ta ji, ta ce alhamdu lillahi.

Haka muka yi ta yi, aka yi suna, baƙi suka watse. Ina jin daɗi irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Kafaɗar tana kwana tana zugi, ban damu ba.

Rana ta goma sha ɗaya na gama wankan safe na shiga ɗaki in yi hawan bangona, sai na tuna na bar zobena a kan katangar bayan ɗaki. Ina zagayawa na ji ƙarar ganye a jikin mutum, fat, fat, irin ta gaske. Tururi ya cika wurin. Gwaggo ce ta ɗaure zane a ƙirji, dami guda a hannu, tana yi wa yarinyar wanka daga wuya har ƙafa. Na tsaya har na ga abin da zan gani, na koma ban ɗauki zoben ba.

Na jira ta a tsakar gida, a gindin turmi, kusa da ƙofar ɗakin mai jego. Da ta zo shanya zane na tambaye ta tun yaushe. Ba ta yi ko gezau ba.

"Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji ta. "Tun rana ta biyu. Wankanki ko ɗan tsako ba zai gasa ba, ni kuma ba zan zuba ido a mayar wa mutanen Kudan 'ya da ɗanyen jiki ba."

Na so in yi faɗa, na rasa ta inda zan kama, don ba ƙarya ta yi ba. Ta ci gaba, ta ce dama tana neman yadda za ta faɗa mini. Wanka huɗu a rana ya yi yawa, fatar yarinyar ta fara tsagewa a gwiwar hannu, itace ma ya kusa ƙarewa. Dole a daina ɗaya. Ta ce ba don ta ɓata mini ba, amma ni ma malama ce, na san wanda ya kamata.

Na sani. Na ji kunya, na ji baƙin ciki, na ga watannin da na yi ina hawan bango sun tashi a banza. Na ce shi ke nan, daga yau ta ci gaba, ni zan riƙa dama kunun kanwa.

Sai muka ji magana daga bayan labule, a hankali, don jaririn yana barci.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Naki za a daina."

Gwaggo ta juya ta fuskanci labulen. "Ke, nawa ne mai aiki."

"Na sani."

"To?"

"Jikina zai warke ko ba a gasa ba, an faɗa a asibiti. Ita kuwa ban san ranar da za ta sake taɓa ni ba."

Ban dubi labulen ba. Na dubi turmi, na ce wa Gwaggo zanenta ya faɗi ƙasa, ta ɗauke kafin kaji su taka. Ta ɗauke. Kwana uku ba ta yi mini wasa ba, amma ita ta ci gaba da kai ruwan, tana surka shi yadda hannu zai iya shiga.

Da yammacin ranar yarinyar ta zauna a kujera ta ba ni baya kamar kullum. Na tsoma 'yan ganyen nawa, na ɗago, na ga ba su da wani amfani, na ajiye su a bakin baho. Na kamfaci ruwa da tafin hannu na ɗora a bayanta. Kwana goma sha ɗaya ina wankan nan ganye nake kallo, sai ranar na dubi bayan. A ƙasan kafaɗarta ta hagu akwai wani tsohon tabo mai tsawon ɗan yatsa, ya daɗe da warkewa har ya yi fari. Ban san ranar da ta ji ciwon ba, ban san wanda ya rarrashe ta ba. Na bar hannuna a wurin har ruwan ya tsiyaye.

"Rake ne ya yanke ni a Gubuci," in ji ta, ba ta juyo ba. "Ina shekara huɗu."

Na ce to. Na sake kamfato ruwa.