Malam Gaji da Ƙidayar Wuta-wuta

Malam Ubaidullahi Gaji mutumin Miga ne, ɗan gidan malamai. Yayyensa duk sun gaji mahaifinsu wajen karantarwa, shi kuwa gona ce ta ja shi. Ya yi difiloma a aikin gona, ya kama aiki a wata cibiyar binciken noma da ke Dutse, ya shekara ashirin da biyu yana bin gonakin gwaji da igiyar awo a hannu da littafi a aljihu.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wuta-wuta, ciyawar nan da ke tsotse dawa tun daga saiwa. Ya lura ba ta cika ɓarna ba a gonakin da aka surka riɗi. Sai ya roƙi manoma goma sha biyu a garinsu suka bar shi ya raba gonakinsu biyu, gefe da riɗi, gefe babu. Damina bakwai yana durƙuso yana ƙirga ciyawar tushe-tushe. Littattafai bakwai suka cika, ya ɗaure su ya ajiye, don a ganinsa rubuta takardar bincike aikin daktoci ne.

Wata shekara aka shirya wa ma'aikata bitar kwana biyar kan rubutun kimiyya. Sunansa ma daga baya aka ƙara, saboda wani ya tafi hutu. Mai koyarwar, Dakta Khaulat, malamar jami'a ce, sa'ar 'yarsa ta fari. Ranar farko ta ce kowa ya rubuto gabatarwar bincikensa.

Malam Gaji ya zo da shafi huɗu cike da Turanci mai nauyi da ya tsinto a ƙamus. Ya miƙe ya fara karantawa. Ya yi godiya, ya gai da shugaban cibiya da mataimakansa, ya shiga tarihin noma tun zamanin kakanni.

"Baba Malam," in ji Dakta, tana danne dariya, "muna shafi na uku, har yanzu ban ji riɗi ba."

"Yana tafe, Dakta. Ai ba a shiga gida ba sallama."

Ɗakin ya kaure da dariya, har da shi.

"Gaskiya ne, amma a nan sallamar layi biyu ce. Ajiye takardar. Da manomi zai tare ka a kasuwar Shuwarin ya ce me ka gano, me za ka ce masa?"

"Sai in ce, in ya surka riɗi, wuta-wuta za ta ragu kusan rabi."

"Ka tabbata?"

"Na ƙirga. Damina bakwai."

Dakta ta daina dariya. Washegari ya ɗauko littattafan daga gidansa da ke unguwar Yalwawa a Dutse, ta zauna tana buɗawa har shayinta ya huce. Ta ce masa tambayoyi huɗu kaɗai takarda ke amsawa: me ya sa ka yi, yaya ka yi, me ka samu, me hakan ke nufi. Bayan an watse bita suka ci gaba da haɗuwa duk Laraba. Ita tana nuna masa yadda ake zuba alƙaluma a jadawali, shi yana faɗa mata wace gona ce jigawa, wacce ce ke riƙe ruwa. Duk jimlar da ya fi so, ita ake fara yankewa, yana kallo yana cewa, "Allah ya jiƙan wannan."

Suka aika wa wata mujallar kimiyya. Bayan wata uku amsa ta dawo da gyara goma sha tara. Ransa ya ɓaci, ya isa gida yana faɗa, wai mutanen da ba su taɓa taka Miga ba za su koya masa ƙirga. Uwargidansa Hajiya Raihana ta tura masa kwanon fura ta ce, "Malam, wanda ya iya zaƙulo goma sha tara ai ya karanta ka da gaske." Da ya huce ya duba, sai ya ga a gyara na shida suna da gaskiya: ya cakuɗa shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri da sauran. Ya ware ta, ya amsa kowane gyara cikin ladabi.

Takardar ta fito, shafi takwas, sunansa a gaba, sunayen manoman goma sha biyu a wajen godiya, don a kan wannan ya ƙi sassauci. Ranar wata Juma'a ya tafi Miga, ya tara su bayan masallaci, ya fassara musu da Hausa.

Alhaji Mailafiya, dattijon cikinsu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato shekara bakwai ka yi kafin ka gano abin da kakata ta sani?"

"Ta sani, Alhaji, amma ba ta ƙirga ba."

Aka yi ta dariya. Alhaji ya sa aka nuna masa sunansa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in damina ta faɗi Malam ya zo gonar masararsa, akwai wata tsutsa da ta dame shi, ita ma tana son ƙirga.