Jikan da Ba a Zagi

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, idan mahaifiyata ba ta zage ka ba, to ba ka cikin jikokinta. Haka muka taso muka gani, kaka da jika abokan wasa ne. Duk jika namiji mijinta ne, kuma a faɗarta ba ta taɓa dacewa da na kirki ba. Wannan marowaci, wancan mai kai kamar tulu, ɗan yayana kuwa da aka yi masa kaciya sai da ta ishe shi da waƙa har ya daina bi ta ƙofar ɗakinta. Su ma ba sa raga mata. Su ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ci zamaninta tana cin nasu, ta raraka su da mafici, gida ya kaure da dariya.

Ɗana ne kaɗai Hajiya, mahaifiyar tawa, take girmamawa, kuma ban taɓa ganin wulaƙancin da ya kai wannan girmamawar ba.

Ubansa ɗan ƙasar Sin ne. Gyaran injuna ya kawo shi Kano, a wata masana'antar takalman roba da ke Sharaɗa, kuma a asibitin da nake aikin jinya muka haɗu, ya zo a ɗinke masa yatsa. Ya musulunta tun kafin ya san ni, don haka baffana ya rasa abin da zai kama, ya ɗaura auren. Hajiya ba ta ce a'a ba. Ta ce, "Allah ya sa alheri," da irin muryar da ake gaisuwar mutuwa. Muka kama haya a Tarauni.

Shekarar da sojoji suka koma bariki yaron yana da shekara shida, ƙanwarsa tana goye. Duk katangar unguwa ta sha hotunan 'yan takara, maza a teburin mai shayi suna ta musun wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Yaran layinmu ma suna da tasu siyasar. Da ɗana ya leƙo sai su ja gefen idanunsu da yatsu, suna "cin-con, cin-con." Wata mata a wurin niƙa ta kira shi barbarar yanyawa a gabana, na ajiye roba na wanke matar tas, har mai injin ya kashe injinsa don ya ji da kyau.

Wannan duk ina iyawa da shi. Nakan tsayar da yaron gaban madubi in ce, "Hancin nan na babana ne, kakanka. Idon nan na babanka ne. Bakin nan mai tsiwa nawa ne. Babu abin da aka rage maka, ƙari aka yi maka." Ubansa ya koya masa cin taliya da tsinke biyu, ni na koya masa yankar lomar tuwo ba tare da miya ta gangaro masa gwiwar hannu ba. Yakan koma waje da ƙarfinsa. Abin da ya fi ƙarfina yana cikin gidanmu.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan hau acaɓa mu je Gyaɗi-Gyaɗi. Jikoki suna tsakar gida sun kewaye ƙaton kwano ɗaya, ana ture-ture, wannan ya sace naman wancan. Da Hajiya ta hango mu sai ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ta sa a shimfiɗa darduma a inuwa, ta buɗe kabet ta ɗauko farantin tangaran mai furanni, wanda ba a fitowa da shi sai an yi baƙon kunya, ta ɗora cokali a kai.

"Sannunku da zuwa. Ya babanku? A gaishe shi."

Yaro ɗan shekara shida take ce wa sannunku. Mijina da ya gani har daɗi ya ji, ya ce a ƙasarsu wanda ake ji da shi ake yi wa haka. Na rasa ta inda zan fara yi masa bayani, na bar shi da farin cikinsa.

Wata Juma'a muna komawa, yana matse tsakanina da ɗan acaɓa, ya juyo da kai.

"Umma, me na yi wa Hajiya?"

"Me ka gani?"

"Ba ta zagina."

Na iya amsa yaran layi, na iya amsa matar wurin niƙa. Wannan kuwa sai na gyara masa hula, na ce ya riƙe ɗan acaɓa da kyau.

Washegari na koma ni kaɗai. Na same ta tana tsinke zogale.

"Hajiya, yaron nan fa ya fara tambaya."

"Tambayar me? An hana shi abinci ne?"

"Ki zage shi mana kamar kowa. Ki ce masa mai ƙaton kai, ki kore shi da mafici."

Ba ta ko ɗago ba. "Ke, da girmana zan zagi ɗan mutane?"

"Ɗan mutane? Ni ce mutanen?"

"Da jini ake wasa," in ji ta. "Na duba fuskar nan sama da ƙasa, ban ga nawa a ciki ba. Ban dake shi ba, ban harare shi ba. Me kuma kike so?"

Na ce mata hancin mijinta ne a fuskar, in ta manta kamanninsa ta ɗauko hoto. Ta ce in tashi in ba ta wuri. Na tashi, na kuma yi rantsuwa a raina ƙafata ta bar gidan. Makonni muka yi ba mu je ba, ba ta aiko ba. Yaron ne ya karya ni, don duk Juma'a da kansa yake ɗauko hularsa ya tsaya a bakin ƙofa.

Ana nan matar ƙanena ta haihu, aka sa suna a gidan Hajiya. A nan dabara ta zo mini. Wasan nan ai ba nata ba ne ita kaɗai, jika ma yana da ikon farawa. Na zaunar da yaron na ce, "Haƙƙinka ne, ba roƙonsa ake yi ba. Kai jikanta ne ko ta so ko ta ƙi." Na yafa mayafi, na ranƙwafa ina tafiyar tsofaffi, shi kuma yana gwada zagin a kaina. Ubansa ya tsaya yana kallonmu a tsorace. Ya ce a wurinsu yaron da ya faɗa wa kakarsa haka ya gama yawo. Na ce a wurinmu wanda bai faɗa ba shi ne bare.

Ranar suna tsakar gida ta cika da mata, ana ta rabon waina da shinkafa. Hajiya tana zaune a tsakiya cikin sabon leshi. Ko a wannan cunkoson ba ta manta ba, ta aika aka ɗauko farantin, aka zuba masa shinkafa da miya, aka miƙa masa da cokalinsa. Ya karɓa, ya dube ni, ya taka har gabanta.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na sake ki. Ba ki iya miya ba, kuma goro ya cinye miki haƙora."

Matan kusa suka juyo suna jiran ramuwa. Hajiya ta dube shi kamar yadda ake duban mai tallan da ba za a saya ba.

"Allah ya shirya," ta ce, ta kawar da kai.

Iyakar abin da na koya masa ke nan. Na yunƙura zan je in ɗauke shi. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Kuma ba na son farantinki!" Ya dangwara mata shi a cinya. Miyar ta malale a kan leshin tun daga gwiwa har ƙasa.

Hajiya ta zabura. "Kai! Tafi can, ja'irin yaro, mai ido kamar bakin asusu!"

Na san muryar wasan mahaifiyata, tana da wata 'yar dariya da ke biyo ta a baya. Wannan ba ta da ita. Abin da ta daɗe tana dannewa ne ya ƙwace mata, zagin yaran layi ne sak ya fito daga bakin kakarsa. Amma wata tsohuwar maƙwabciyarmu, ko ba ta gane ba ko ta fi kowa ganewa, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. "Ayyiriri! Ango ya sha zagi, aure ya ɗauru!" Mata suka kwashe da dariya, ana tafawa.

Yaron ya juyo, fuskarsa kamar an ba shi kyautar keke.

"Umma! Umma, ta zage ni!"

"Na ji," na ce.

Ya ruga wurin kwanon jikoki, ya ture ɗan yayana da kafaɗa, ya zura hannu har wuyan hannu. Ni da Hajiya muka dubi juna ta saman kawunan mata. Tana iya tashi ta ce ba wasa take yi ba, amma ba a gaban taron suna ba, ba bayan guɗa ba. Ta sunkuya tana goge leshinta.

Daga ranar ba ta da hanyar komawa ga darduma da cokali. Duk Juma'a shi yake fara tsokanarta, ita kuma ta zage shi, har ta koma ga Allah. Ni kuwa ina gefe ina kasa kunne ko zan ji 'yar dariyar nan a bayan zagin. Akwai ranakun da na ɗauka na ji ta. Ba zan iya rantsuwa ba.

Yanzu ya zama magidanci. Yakan gaya wa 'ya'yansa cewa duk cikin jikoki shi Hajiya ta fi so, don shi ta fi zagi. Ban taɓa gyara masa ba, ba kuma zan gyara ba. Na yi mata addu'a kamar yadda ake yi wa uwa, amma shekarun nan shida na sannunku da zuwa har yau suna tsaye mini a wuya.

Da aka zo rabon kayanta, farantin ya faɗo a kasona. A ciki nake zuba wa kaji ruwa.